Sai Murfi Ya Buɗe

Ranar Talata da hantsi duba-gari ya hau benenmu yana haki, da farin ludayi a hannunsa da takarda a hammata. Hawa huɗu ne kafin a iso wurina, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kan haka ba. Mutanen gidan Gwaggon Sama suke ce min. Da farko sunan yana ba ni haushi, yanzu kuwa in wani ya kira ni da wani suna ma ba na waiwayawa.

A bayansa akwai mai gidan da muke haya, riƙe da almakashin yanke shuka sabo fil. Ta ƙarshe ita ce Maman 'Yan Biyu ta hawa na biyu, idanunta jawur, ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba.

"Gwaggo, ina kwana," in ji duba-gari. "Ƙara aka kawo mana."

"Lafiya lau. Wa ya kawo?" Na san amsar sarai, so nake ta faɗa da bakinta.

"Ni ce," in ji Maman 'Yan Biyu. "Kwana huɗu 'yata tana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Zazzaɓin sauro. Kuma kowa a gidan nan ya san daga ina sauro yake saukowa."

Ta nuna bayana da haɓa. A bayana kuwa, ƙarƙashin rumfar raga da marigayi mijina ya kafa a kan rufin benen, tukwanena ne goma sha huɗu a jere. Shuka ce mai yaɗo. Kowane ganye yana fitar da siririyar igiya daga bakinsa, a ƙarshen igiyar kuma sai wani abu ya kumbura kamar ɗan tulu, da leɓe mai santsi da murfi a samansa. Cikin tulun akwai ruwa, amma ruwan da shukar take yi ne da kanta. Ƙwaro ya zo lasar zaƙin da ke leɓen, ƙafa ta zame, ya faɗa ciki, shi ke nan an yi kalaci da shi. Sunanta na littafi sai ya karya wa mutum haƙori. Mu 'yar tulu muke ce mata.

"Dokar aikinmu a fili take," in ji duba-gari, yana magana a hankali kamar mai lallashin marar lafiya. "Duk abin da ke riƙe ruwa a buɗe, ko a kife shi, ko a huda shi, ko a rufe. Waɗannan kuwa ba su kifuwa."

"Shi ya sa na zo da wannan," in ji mai gida, ya ɗaga almakashinsa. "Ba a ce a tumɓuke miki shuka ba, Gwaggo. Tulunan kawai za a datse, ganyenki yana nan."

Na dube shi sama da ƙasa. Na ce masa in ya taɓa min ko da tulu ɗaya, to ya tabbata ya shirya zaman kotu, don shekara talatin na yi ina buga takardu a can kuma har yau ban manta hanya ba. Na faɗa ne ina tsaye a gaban tukunya ta ƙarshe, wadda ke jikin bango. Sauran sha ukun ina son su, amma wannan ce nake karewa.

Bari in yi bayaninta. Mijina mai gyaran agogo ne, kowa Mai Agogo yake ce masa. Shekara tara da suka wuce wani baƙo da ke kawo masa gyara ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa ɗan reshe a gwangwani da wani littafi mai hotuna. Ɗan allon da aka rubuta sunan shukar ya ɓace a hanya. Daga wannan gwangwanin cutar son shukar ta kama mu, ni da shi, har muka tara sauran.

To, abin da mutane ba su sani ba shi ne 'yar tulu tana da fuska biyu. Tana ƙarama tulunanta gajeru ne masu tumbi, da geza biyu a gaba. Sai ta yi tsawo ta hau wayar ƙarfen da aka ɗaura mata, igiyar ganyen ta naɗe wayar sau ɗaya, sannan take fitar da tulun sama, wanda in ka gan shi ba za ka ce uwa ɗaya ta haife su da na ƙasa ba. A littafin akwai iri biyu da tulunansu na ƙasa suka yi kama sosai. Ɗaya tulunta na sama kamar mazurari yake, baki a buɗe gindi a tsuke, kuma ita gama-gari ce, duk mai wannan sha'awar yana da ita. Ɗayar kuwa tulunta dogo ne sambal kamar sarewa, ba a cika samunta ba, kuma littafin ya ce a can ƙasarta ƙananan jemagu a cikinsa suke yini.

Mai Agogo ya ce tamu ta jemage ce. Ni na ce mazurari ce, don da abin arziki ne da baƙon bai bar ta a gwangwani ba. Daga nan gardama ta kafu. Mukan yi ta wajen shan shayi, mukan yi ta a gaban baƙi har su rasa inda za su sa idonsu. Ya sa gilashin nan nasa na ido ɗaya ya duƙa kan ganye ya ce, "Akawu, zo ki ga gashin nan." Ni kuma in ce, "Malam, gashin da kake gani na girarka ne." In na matsa masa sai ya yi dariya ya ce, "Ke da kika yi aikin kotu, kin taɓa ganin alƙali ya yanke hukunci shaida bai buɗe baki ba? Sai murfi ya buɗe." Ya samo ɗan katako ya rubuta *ta jemage* da fensir, ya soka a tukunyar. Na bi na ƙara alamar tambaya a gaba. Tun daga nan muke kiran ta Ta Gardama.

A shekara ta huɗu ta fara hawa waya. A shekarar ne kuma ciwo ya kwantar da shi, muka tare a asibiti wata biyu. Autarmu ce ta riƙa hawa tana ba shuka ruwa. Yarinyar kirki, ta ga ƙasar tukwanen ɓawon kwakwa ne kawai da yashi, tausayi ya kama ta, ta samo taki ta barbaɗa, ta bi da ruwan famfo safe da yamma. Ita 'yar tulu kuwa gata ne yake kashe ta. Ba ta son taki, ba ta son gishirin da ke ruwan famfo, ruwan sama kaɗai take sha. Da na leƙo gida na tarar da karan Ta Gardama ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan tsiro kamar ƙwayar shinkafa a gindinta. Na koma asibiti ya tambaye ni, "Tana hawa?" Na ce, "Tana hawa." Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar, kuma bai kai ƙarshen watan ba.

Shekara biyar na yi ina rainon wannan tsiron. A makon da duba-gari ya zo, igiyar farko ta naɗe waya, kuma a ƙarshenta akwai wani abu kamar ɗan yatsa, a rufe ruf. Tulun sama na farko ke nan. Sati huɗu ko biyar yake buƙata ya kumbura ya buɗe. Sai ga mutum da almakashi.

Na ce da duba-gari, "Ɗana, kai aikinka zargi ne ko dubawa?"

"Dubawa ne, Gwaggo."

"To duba. Tulu sittin da uku ne a buɗe a wurin nan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. In ka samu ɗan sauro mai rai ko guda, ni da hannuna zan karɓi almakashin."

Ya dubi ludayinsa, ya dubi bakin tulu. Ludayin ko kusa ba zai shiga ba. Na shiga ɗaki na ɗauko masa sirinji marar allura da farin faranti da hantsakin Mai Agogo. Gaskiya mutumin ya burge ni, ko da yake ban gaya masa ba. Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. Ya zuƙo ruwan tulu, ya tsiyaya a faranti, ya karkata wa rana, ya duba, ya mayar. Na tsaya a kansa ina ƙirgawa da ƙarfi don waɗancan biyun su ji.

Abin da ya fito kuwa ba na gaban mai cin abinci ba ne. Kawunan tururuwa, fukafukan ƙuda, ƙafar kyankyaso. A tulu na ashirin da ɗaya ya ɗago wani abu da hantsaki ya ce, "Wannan sauro ne."

"Yana motsi?" na ce.

"Ya mutu. Har ya fara narkewa."

"Rubuta. Mai gida, matso ka gani, ko ɗan'uwanka ne."

Rana ta take, mai gida ya koma inuwar rumfa yana fifita da hularsa. Maman 'Yan Biyu kuwa ba ta gusa ba. Da aka kai na sittin da uku duba-gari ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya ce babu komai a ciki mai rai. Wallahi daɗi ya kama ni har kunne. Na buɗe baki na fara yi musu karatu: cewa shekara tara ina ciyar da shukar nan da sauronsu ba wanda ya taɓa hawowa ya ce min sannu, cewa in mutum bai san abu ba ya yi tambaya.

Ina cikin zuba sai na ga duba-gari ya ɗauki ludayinsa ya nufi bayan rumfa.

"Waɗannan fa, Gwaggo?"

Durona ne biyu na ruwan sama. Ɗaya ya riga ya ƙare tun watan jiya. Ɗayan cike yake taf, kuma shi ne zai kai ni wata huɗu har ruwa ya sake sauka.

"A rufe suke," na ce. "Murfi da raga. Duba da kyau."

Ya ɗaga murfin, ya leƙa ta jikin bango inda bututun indararo ke shiga, wurin da ni ba na iya zagayawa saboda bayana. Ya sa yatsa biyu, suka shige cikin ragar. Rana ta cinye ta, ta yage, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ya tsoma ludayi ya ɗago. Sai ya miƙo min.

A cikin farin ludayin nan 'ya'yan sauro ne suna ta wutsil-wutsil, sun fi talatin.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ji na yi kamar an tuɓe min ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Ni da nake tashi kowace safiya in leƙa tulu sittin da uku da gilashin ido, ban taɓa leƙa bayan duron da nake ɗiban ruwa a ciki ba.

"Ba zan ce na nan ne ya ciji yarinyar ba," in ji duba-gari. "Kwatar bayan gidan ma a toshe take, kuma mai gida zai samu tasa takardar. Amma wannan ruwan ba zai kwana ba. Ko in zuba magani, ko a kifar."

"In na tace da ƙyalle fa?"

"Gwaggo, na bi miki tulu sittin da uku don kin ce in duba. Yanzu na duba."

Gaskiyarsa. Magani kuwa in ya shiga ruwan, daidai yake da in zuba wa shukar kananzir. Mai gida ya ajiye almakashi ya tattare riga zai kama duron. Na daka masa tsawa.

"Kada ka taɓa! Ni na tara, ni zan zubar."

Na cire toshiyar gindin duron da hannuna. Ruwan wata huɗu ya yi ta bulbula yana bin magudana, muna tsaye muna jin saukarsa har ƙasa. Da ya ƙare na juya wajen Maman 'Yan Biyu. Na ce mata:

"Shukata ba ta da laifi. Ni ce mai laifi. Ki yafe ni, Allah ya ba yarinyar lafiya."

Ta ce amin a ciki-ciki, ta sauka. Mai gida ya ɗauki almakashinsa yana murmushi.

"Ashe ma ba sai na wahalar da kaina ba. Ba ruwan sama, ba shuka. Nan da sati biyu sai ki kira ni in taya ki sauke tukwanen."

"Ka zauna ka jira kiran," na ce.

Baki ne kawai, don ban san abin da zan yi ba. Abin da ya rage min tulun ban-ruwa ɗaya ne da rabin bokiti. Mai Agogo yana da hanyar gwada ruwa: ya goge gilashin agogo tas, ya ɗiga ɗigo ɗaya, ya ajiye a rana. In ya bushe ya bar farin zobe, akwai gishiri, shuka ba za ta sha ba. Na jera gilasai a bakin taga. Ruwan famfo ya bar zobe mai kauri. Na rijiyar maƙwabta ya fi shi. Na leda da na gora duk sun bar nasu. Na tafasa na famfo na gwada, zoben ya ƙara fari, kamar yana min dariya. Auta ta kira ni a waya ta ce, "Mama, don Allah ki haƙura, ki dawo wurina ki huta, ai Baba ba zai so ki kashe kanki a kan ciyawa ba." Na ce mata ita ce mutum ta ƙarshe a duniya da za ta ba ni shawara a kan shukar nan. Na san maganar ta yi mata zafi, daga baya na kira na ba ta haƙuri.

A kwana na biyar ina dawowa daga kasuwa, daidai ƙofar shiga gidan, wani ɗigo mai sanyi ya faɗo min a ka. Na ɗaga ido zan yi zagi kamar yadda na saba. Esin ɗakin Maman 'Yan Biyu ne, na'urar sanyaya ɗakinta, wadda bututunta ke ɗiga a bakin ƙofa tun shekara uku. Sau biyu ina zamewa a wurin. Sau huɗu ina kai ƙararta wajen mai gida, har na taɓa buga mata takarda da kwafi uku.

Na tsaya da baki a buɗe. Ruwan nan ba daga famfo yake ba, daga iska na'urar take tatso shi. Na tara murfin kwalba ya cika, na hau bene ban ko huta a hawa na uku ba. Na ɗiga a gilashi na zauna ina gadinsa. Ya bushe. Na ɗaga gilashin a rana, na juya shi, na sa gilashin ido. Tas yake, ko alamar zobe babu.

Hawa biyu ne tsakanina da ƙofarta, amma sai da na yi kwana guda kafin na iya sauka. Ta buɗe, yarinyar tana maƙale a zanenta, ta rame amma tana tsaye da ƙafarta.

"Gwaggo, lafiya?"

"Ruwan esinki nake so."

Ta dube ni ta dubi jarkar da ke hannuna. "Wane ruwa? Wanda kika buga min takarda a kansa?"

"Shi."

"Kwafi uku."

"Na sani, ni na buga."

Na ga tana ƙoƙarin riƙe fuska, gefen bakinta yana motsi. Sannan ta ce, "Wai Gwaggo, me ke cikin shukar nan? Ba a ci, ba a sayarwa, ba ta ƙamshi."

Na ce, "Gardama muke yi da mijina, ba mu gama ba."

Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ba ta yi dariya ba. Ta ce in sa jarkar, amma da sharaɗi: bututun ya shiga ciki, a naɗe bakin da leda, kuma a juye kowace rana. In ta ga ruwa ya kwana a buɗe, ita da kanta za ta sake kiran duba-gari. Na ce in ba ta kira shi ba ma ni zan kira.

Haka na zama mai bin bututu. In wuta ta zauna jarkar takan kai rabi. In an ɗauke, sai in samu kofi biyu, wata rana ma ko ɗigo. Na je wajen mai aski na ƙasan bene, na je wajen mai kemis, duk na ɗaura musu kwalabe. Sau uku a rana nake sauka hawa huɗu in hau da ruwa, ni da likita ya ce in rage hawan bene. Masu zaman benci a ƙofar mai aski suka samu abin yi. Da na ɓullo sai wani ya ce, "Ga Gwaggon Sama ta fito tatsar nono." Na ce masa, "Ƙwarai, kuma saniyar ta fi ka amfani, ko ba komai tana ɗiga wani abu."

Ruwan bai isa tukunya goma sha huɗu ba, wannan kam ko makaho ya gani. Dole na zaɓa. Na ja guda biyar gefe na daina ba su, har da wata mai jan leɓe da muka yi shekara biyu muna nema. Na kalle su suna bushewa, tulunan suka yi ruwan ƙasa daga murfi zuwa gindi, suka koma kamar takarda. Ya yi min ciwo, ba zan ɓoye ba, na yi kuka a kan mai jan leɓen. Mai gida ya gamu da ni a matakala ina sauke tukwanen da babu komai, ya ce, "An fara ke nan?" Na ce, "Saura tara. Matsa min hanya."

Ta Gardama kuwa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba. Ɗan yatsan nan ya yi tsawo, ya fara shan iska yana kumbura. Ina da ido, ina ganin inda siffar ta dosa, amma na hana kaina faɗa ko a zuci. In zan ba ta ruwa gindin nake kallo.

Ranar da ta cika kwana talatin da huɗu da zuwan duba-gari, na fito da safe da kofin shayina, na ga murfin ya ɗaga. Na ajiye kofin a kan kujerar Mai Agogo, wadda har yau take inda ya bar ta a ƙarƙashin rumfa. Na ɗauko littafin da gilashin ido, ko da yake ba a buƙatar su. Tulun ya kai tsawon tafin hannuna, kore mai ɗigon ja, bakinsa a buɗe wangwam, gindinsa ya tsuke ya lanƙwashe har ya haɗe da igiya. Babu jemagen da zai kwana a nan sai dai in a tsaye zai yi barci. Mazurari ce.

Na juya wajen kujerar na ce da ƙarfi, "Ka gani? Malam, ka gani? Shekara tara ina gaya maka!"

Tururin shayi ne kawai yake tashi a kan kujerar. A ƙasa mai aski yana buɗe shago, esin Maman 'Yan Biyu yana ɗiga cikin jarkata. Na jira, wallahi na jira, kamar wata sakarya, in ji ya ce in zo in ga gashi. A nan na gane abin da na yi wa kaina. Duk shekarun nan biyar, kowace safiya in na faɗi tawa a gaban tukunyar nan ina jin tasa amsar a kunnena. Na hau bene da jarka, na zubar da mutuncina a ƙofar mai aski, na kashe tukwane biyar, duk don in ci gardama, ga shi na ci, kuma mutumin ya yi shiru. Ranar da aka fita da shi daga gidan nan ma ban ji kewarsa kamar safiyar nan ba.

Na zare ɗan katakon daga tukunya. Rubutunsa yana nan, fensir ya dusashe, *ta jemage*, da alamar tambayata a gaba. Na ɗauko fensir zan soke in rubuta gaskiya.

Ina riƙe da shi sai ga Maman 'Yan Biyu ta hawo da jarkar a hannu, ta ce ta ga ban sauko ba ne. Ta ga tulun, ta ga fuskata.

"Ya buɗe? To Gwaggo, wa ya ci?"

Na buɗe littafin, na wuce hoton mazurari, na je wani shafi da Mai Agogo ya naɗe kusurwarsa tun da daɗewa. A nan aka rubuta cewa tulun farko da shuka ta yi bayan ta hau waya wani lokaci tsaka-tsaki yake fitowa, bai bar siffar ƙasa ba, bai gama ɗaukar ta sama ba. Na san wannan ba tsaka-tsaki ba ne. Ina da ido. Amma na san abin da zai ce da yana zaune a kujerar nan, har yadda zai ɗaga yatsa na sani.

"Ba wanda ya ci," na ce. "Shaida ɗaya ne ya yi magana. Tulu ɗaya ba hujja ba ne, sai na biyu ya buɗe."

"Na biyun kuma yaushe?"

"Wata biyu. In ya zo da gardama, a jira na uku."

Ta dube ni, sannan ta ajiye jarkar a gindin tukunyar ta ce to bari ta gaya wa maigidanta kada ya gyara bututun.

Na mayar da katakon inda yake, na danna shi da babban yatsa ya zauna daram. Na ce da kujerar, "Kada ka yi murna, Malam, ɗaga ƙara kawai aka yi." Sannan na ɗauki kwalabe na sauka wajen mai aski.